Ziyarar gidan tarihin sojojin ruwa na Portsmouth tare da dattijo: daga ina ya kamata mu fara?

Ɗalibi Bakatsine:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina karatu a Landan, kuma mahaifina zai zo bikin kammala karatuna a watan gobe tare da ƙanena ɗan shekara goma sha uku. Baba ya koyar da tarihi a makarantar sakandare fiye da shekara talatin kafin ya yi ritaya, kuma da na tambaye shi abin da yake so ya gani a Ingila, bai ambaci fada ko kasuwa ba, cewa ya yi in kai shi ya ga jirgin ruwan Nelson, kwamandan sojojin ruwan Ingila a yaƙin Trafalgar, wanda ya daɗe yana ba ɗalibai labarinsa daga littafi alhali bai taɓa sa shi a ido ba. Ƙanen nawa kuwa, tun da ya ji cewa akwai jirgin ƙarƙashin teku da ake barin mutane su shiga, ya hana ni sakat da tambayoyi.

Na fahimci cewa duka biyun suna Portsmouth. Abin da nake so in ji daga waɗanda suka taɓa zuwa shi ne ko yini ɗaya zai ishe mu, da kuma jirgin da ya fi dacewa mu fara da shi, domin Baba yana fama da ciwon gwiwa, ba na so in gajiyar da shi kafin mu kai ga abin da ya kawo shi. Idan kuma akwai mai ilimin yadda jirgi yake nutsewa da kansa ya sake tasowa, ya taimaka ya yi mini bayani yadda zan iya maimaita wa yaro ya gane. Allah ya saka da alheri.

Baƙon Southsea:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kawo Baba lafiya. Ina zaune a garin, na kuma raka baƙi wurin sau da yawa. Zuwa ba shi da wuya, jirgin ƙasa daga tashar Waterloo yana kai mutum tashar Portsmouth Harbour cikin awa biyu ko ƙasa da haka, kuma daga tashar zuwa ƙofar wurin tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Yini ɗaya yana isa a zagaya, amma ba ya isa a gani, musamman idan ana tare da dattijon da zai so ya tsaya ya karanta kowane allo. Jirgin ƙarƙashin tekun ma ba a harabar yake ba, yana Gosport a ɗaya gefen ruwan, sai an yi fito. In da hali ku kwana ɗaya, ku sayi tikitin haɗaka wanda ya ƙunshi duk wuraren.

Ku fara da Victory, wato jirgin Nelson ɗin, tun da safe, gwiwar Baba ba ta gaji ba, jama'a kuma ba su cika ba. An saka jirgin a ruwa a 1765, wato ya riga ya shekara arba'in lokacin yaƙin Trafalgar na ranar 21 ga Oktoba, 1805, inda jiragen Ingila 27 suka kara da jirage 33 na Faransa da Sifaniya. Yana ɗauke da igwa 104 da mutum fiye da 800. Tun 1922 yake zaune a wani gurbin gyaran jirage da aka zuƙe ruwansa, kuma har yau yana cikin jerin jiragen sojojin ruwan Ingila, ba a sallame shi daga aiki ba. Ka shirya wa Baba zuciyarsa tun a gida cewa ba zai gan shi kamar yadda yake a hoton littafi ba, domin ana yi masa babban gyara na shekaru, an sauke dogayen itatuwansa, ana cire ruɓaɓɓen katako ana sa sabo. Cikinsa dai a buɗe yake.

Matakalansa a tsaye suke, rufin kuma yana ƙara yin ƙasa yayin da ake sauka, har sai dogon mutum ya sunkuya. A sama akwai ɗan allon tagulla a daidai inda Nelson ya faɗi bayan an harbo shi daga saman jirgin Faransa mai suna Redoutable, a can ƙasa kuma akwai lungun da aka kwantar da shi ya cika bayan kimanin awa uku. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne benen manyan igwogi, inda kowace take harba dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo goma sha huɗu da ɗoriya. A nan ɗaruruwan mutane suke cin abinci a tsakanin igwogin, a nan suke rataya ragar kwanciyarsu da dare, kowa an ba shi faɗin inci 14 kacal, wanda bai kai kamu ɗaya ba.

Bayan Victory ku shiga ginin Mary Rose da ke dab da shi, domin akwai na'urar hawa bene da wurin zama, Baba zai huta yana kallo. Jirgin Sarki Henry na Takwas ne, ya yi aiki shekara 34, ya nutse a ranar 19 ga Yuli, 1545 a gaban idon sarkin yayin arangama da Faransawa, kuma an ce waɗanda suka tsira ba su kai mutum arba'in ba, saboda ragar da aka shimfiɗa a samansa don hana abokan gaba hawa ita ce ta hana mutanen cikinsa fita. Rabin jikinsa da laka ta binne shi ne ya tsira, aka ɗago shi a 1982 tare da kayayyaki kimanin 19,000: bakuna da kibau, takalman fata, akwatin kafinta da kayan aikinsa, kayan likita, matajen katako na cire kwarkwata, har da ƙasusuwan wani kare. Warrior kuwa, na 1860, mai jikin ƙarfe da injin tururi, yana kusa da ƙofar shiga, fili ne da shi sosai, ya fi sauƙin yawo. Zaurukan baje kolin da ke cikin tsofaffin rumbunan ajiya za ku iya tsallake su idan lokaci ya ƙure.

Injiniya Ɗan Zazzau:

Salamu alaikum. Aikina injin jirgin ruwa ne na kasuwanci, don haka zan ɗauki tambayar yaron.

Ka samo masa gorar ruwa ta roba wadda babu komai a ciki, ka rufe ta ka jefa a bokiti, za ta yi iyo. Ka cika ta da ruwa, za ta nutse. Idan ka yi ta ragewa kana ƙarawa, za ka kai wani matsayi da za ta tsaya a tsakiya, ba ta taso ba, ba ta kuma taɓa ƙasa ba. Jirgin ƙarƙashin teku yana da tankuna a jikinsa waɗanda ƙasansu ke karɓar ruwa, samansu kuma yana da mafitar iska. Idan za a nutse sai a buɗe mafitar, iska ta fita, ruwan teku ya shigo, jirgin ya yi nauyi. Idan za a taso sai a rufe ta, a sako matsattsiyar iska daga tukwanen ƙarfe ta kore ruwan waje. A tsakanin waɗannan biyu akwai ƙananan tankuna na daidaita nauyin gaba da baya, da wasu fukafukai a gaba da bayan jirgin da ake karkatawa yayin tafiya domin a hau ko a gangara. Abin da ya sa jikinsa yake kamar bututu shi ne matsin ruwa, domin duk mita goma da aka sauka, nauyin da ke danna jirgin yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar duniya gaba ɗaya, kuma da'ira ce siffar da ta fi jure wannan.

Jirgin da za ku shiga sunansa Alliance. An saka shi a ruwa a 1945, ya fara aiki a 1947, aka ajiye shi a 1973, kuma tsawonsa ya kai mita 85. Abin da nake so yaron ya lura da shi shi ne cewa irin wannan jirgi yana da ƙarfi iri biyu. Injin dizal yana buƙatar iska, saboda haka a saman ruwa ake kunna shi, yana tura jirgin yana kuma caja manyan batura da ke ƙarƙashin daɓen da za ku taka. A ƙarƙashin ruwa baturan ne kaɗai suke juya farfela, kuma idan aka yi gudu da su ba sa jimawa. Wannan ya sa jiragen wancan zamani suka fi daɗewa a saman ruwa fiye da ƙarƙashinsa, har aka samo dabarar wani dogon bututu da ake ɗagawa ya leƙo sama ya shaƙo iska alhali jirgin yana ɓoye. A 1947 an gwada wannan bututu a kan Alliance ɗin nan, ya yi kwana 30 bai fito sarari ba, a tekun Atlantika wajen tsibiran Kanari.

Idan kun shiga, kada ku tsaya ga makamai da madubin leƙe kawai, ko da yake na san nan yaro zai ruga. Ku dubi gadajen. Mutum fiye da sittin ne suke zaune a cikin wannan bututu makonni, wasu suna karɓa-karɓar gado ɗaya, mai sauka daga aiki ya kwanta inda mai tashi ya bari da ɗuminsa, wasu kuma suna kwana a gefen makaman. Ruwan daɗi na sha ne da girki, wanka sai an dawo. Ɗakin girkin bai fi faɗin ƙaramin shago ba. Idan jirgi ya daɗe a ƙasa, iskar da mutane suka fitar tana taruwa har kai ya yi ciwo, tunani ya yi nauyi, kuma idan ruwan gishiri ya taɓa batura yana haifar da iska mai guba. Da yawa daga masu zagayawa da baƙi tsofaffin ma'aikatan irin waɗannan jirage ne, ku yi musu tambaya, suna jin daɗin amsawa. Ni abin da na tambaya shi ne labarin Affray, ɗan'uwan Alliance da aka ƙera a kan tsari ɗaya, wanda ya bar wannan tashar a watan Afrilun 1951 da mutum 75 bai dawo ba. Mutumin ya yi shiru kafin ya amsa, kuma tun daga lokacin na daina kallon wurin a matsayin baje kolin injina kawai.

A wani gini na kusa akwai Holland 1, jirgin ƙarƙashin teku na farko da sojojin ruwan Ingila suka mallaka, na 1901. Ya nutse a 1913 ana jan sa zuwa inda za a farfasa shi, aka gano shi a 1981, aka ɗago shi a shekarar da ta biyo. Injinsa na fetur ne, kuma suna tafiya da fararen ɓeraye a keji domin su ne suke fara nuna alama idan hayaƙi ya gurɓata iska. Game da gwiwar Baba, an yanka ƙofofi a gefen Alliance domin baƙi, ba ta saman ake sauka ba, sai dai akwai tsallake dokin ƙofa da sunkuyawa a tsakanin ɗakuna.

Ɗalibi Bakatsine:

Na gode ƙwarai, Malam da Injiniya. Na yanke shawarar mu kwana. Gwajin gorar ma zan sa ƙanen nawa ya yi shi a gida kafin su taso.

Malamar Tarihi:

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba, abokin sana'a kuma na gaba da mu a cikinta. Na yarda da tsarin da Malam na Southsea ya bayar, sai dai ban goyi bayan tsallake zaurukan baje kolin ba, domin a can ne wasiƙu da taswirori da hotuna suke, kuma malamin tarihi ya fi kowa sanin cewa katako da ƙarfe ba sa faɗin dalilin da ya sa aka ƙera su. Dalilin kuwa ya shafe mu kai tsaye, ko da yake ƙasar Hausa tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku.

Nasarar Trafalgar ta bar wa Ingila iko a kan teku na kusan shekara ɗari. Da wannan iko ta kafa rundunar jiragen sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma a 1808, bayan ta haramta cinikin bayi a 1807, cinikin da ita kanta ta daɗe tana kan gaba a cikinsa. Rundunar ta kama jiragen bayi kimanin 1,600, ta 'yantar da mutum kimanin 150,000, aka sauke da yawansu a Freetown, kuma a cikinsu akwai masu jin Hausa. Wannan alheri ne da ba za a musanta ba. Amma jiragen wannan rundunar ne suka yi wa Legas ruwan wuta a watan Disambar 1851, suka kori Sarki Kosoko suka ɗora Akitoye a kan sarauta, kuma jirgin yaƙi mai suna Prometheus yana tsaye a bakin garin lokacin da Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa Legas a 1861. Hannun da ya kwance ankwa shi ne ya karɓi ƙasar, kuma ina ganin wajibi ne mai ziyara daga wajenmu ya riƙe duka biyun a ransa yayin da yake yawo a cikin waɗannan jirage.

Akwai abin da ya fi wannan kusa da gida. William Baikie, wanda ya hau Neja da Binuwai a 1854 da jirgin tururi mai suna Pleiad, ya kuma nuna cewa shan kwinin yana kare Turawa daga zazzaɓin da ke kashe su, likitan sojojin ruwa ne, kuma shi ne ya zauna a Lokoja daga baya yana amfani da Hausa wajen hulɗa da fatake. A tafiyarsa ta 1857, wadda jirginsu Dayspring ya fashe a kan dutse kusa da Jebba, yana tare da wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover. Wannan Glover shi ne ya tara Hausawa a Legas a 1863, da yawansu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, ya kafa 'yar rundunar da ake kira Hausawan Glover, wadda rundunar sojojin ƙasa ta Najeriya take ƙirga asalinta daga gare ta, ya kuma tafi da Hausawa yaƙin Asante, a ƙasar Ghana ta yau, na 1873 zuwa 1874. Sojojin da suka shiga Kano da Sakkwato a 1903 jikokin wannan tsari ne.

Jiragen ƙarƙashin teku ma sun taɓa mu. A yaƙin duniya na biyu, saboda hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, sai aka riƙa kawo jiragen sama a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi da ke Ghana ta yau, a haɗa su a can, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yau) zuwa Khartoum da Alƙahira. Jiragen dakon da ke kawo su, da masu kwasar gyaɗar Kano da kuzar Jos, da waɗanda suka ɗebi sojojinmu zuwa yaƙin Bama (Burma), duk sai sun ratsa ruwan da jiragen ƙarƙashin tekun Jamus suke farauta, shi ya sa ake tara su ayari-ayari a Freetown da rakiyar jiragen yaƙi.

Idan kuna ginin Mary Rose, ka tuna wa Baba sunan Jacques Francis, gwanin nutso ɗan Afirka ta Yamma wanda aka ɗauka aikin ciro igwogin jirgin shekaru kaɗan bayan nutsewarsa, wanda kuma ya ba da shaida a kotun harkokin teku ta Ingila a 1548. Ka kuma faɗa wa yaron cewa a 2005, lokacin bikin cika shekara 200 da Trafalgar, jirgin yaƙin Najeriya mai sunan Hausa, Aradu, ya zo wannan ruwan na Portsmouth ya shiga jerin jiragen ƙasashe.

Baƙon Southsea:

Malama ta fi ni gaskiya a kan zaurukan, na janye. Tun da za ku kwana, ku bar su zuwa yammacin ranar farko. Akwai kuma ɗan jirgin da ke zagaya tashar da baƙi, a zaune ake, kuma idan kun yi sa'a za ku tarar da ɗaya daga cikin manyan jiragen dakon jiragen sama guda biyu, Queen Elizabeth ko Prince of Wales, masu tsawon mita 280, domin nan ne mazauninsu. Ku taho da rigar sanyi ko da rani ne, iskar bakin ruwan tana da kaifi.

Ɗalibi Bakatsine:

Assalamu alaikum. Mun je mun dawo, kuma na ga ya kamata in sanar da ku yadda ta kasance. Mun bi tsarinku, Victory da Mary Rose da zaurukan a rana ta farko, Gosport da Warrior a ta biyu. Baba ya sauka har lungun da Nelson ya cika, yana dafa kafaɗata a kowace matakala, amma ba a nan ya daɗe ba. A benen igwogi ya tsaya, ya auna faɗin wurin kwanciyar da hannunsa, ya ce shekara talatin yana koyar da sunan mutum ɗaya a wannan yaƙi, bai taɓa tsayawa ya tambayi yadda sauran ɗari takwas ɗin suke kwana ba. Na karanta masa abin da Malama ta rubuta a cikin jirgin ƙasa, ya sa na maimaita masa sashen Glover sau biyu, ya kuma ce in isar mata da gaisuwarsa.

A cikin Alliance gwiwar ta matsa masa, don haka bayan ya ratsa jirgin sau ɗaya sai ya zauna a waje kusa da allunan da aka rubuta sunayen ma'aikatan da suka mutu a teku, mu kuma muka wuce wurin Holland 1. Ƙanena ya yi wa mai zagayawa da mu bayanin tankuna da gorar ruwa kamar yadda Injiniya ya koya mana, mutumin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya nuna masa inda ake sako iskar da ke kore ruwan. Tambayar da ya dawo da ita gida, wadda na kasa amsawa, ita ce yadda mutanen ciki suke sanin inda suka dosa idan sun yi kwanaki ba su ga rana ko tauraro ba. Injiniya, idan ka samu sarari, muna jiran bayaninka.